Katalis da Fitar da Haidurojin Daga Ruwa: Abin da Zai Iya da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Tun da aka cire tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, ba a daɗewa sai an ga wani bidiyo yana yawo a WhatsApp da Facebook: ga janareta ko babur da aka ce ruwa kawai yake sha. A ɗaya gefen kuma, kafafen labarai na duniya ba sa rabo da kanun da ke cewa masana a wata jami'a sun gano sinadari mai arha da zai riƙa fitar da makamashi daga ruwa. Mai karatu kan haɗa labaran biyu wuri guda, ya ɗauka magana ɗaya ce, har wasu su kai ga zargin cewa kamfanonin mai ne ke danne fasahar. Alhali ɗaya daga cikin labaran ya saɓa wa ƙa'idar halitta da aka daɗe da tabbatarwa, ɗayan kuwa bincike ne na gaske da ƙasashe ke zuba wa biliyoyin daloli. A tsakiyar wannan ruɗani akwai wani abu da ake kira katalis.

Ma'anar kalmomin

Ruwa haɗi ne na iska iri biyu. Kowane ɗan ƙanƙanin ɓangarensa ya ƙunshi ƙwayar zarra biyu ta haidurojin da guda ɗaya ta oksijin. Oksijin ita ce iskar da muke shaƙa mu rayu, kuma da ita wuta take ci. Haidurojin kuwa ita ce mafi rashin nauyi a cikin dukkan sinadarai, tana kama wuta nan take, kuma idan ta ƙone ruwa take komawa, ba ta barin iskar kabon da ke ɗumama duniya. Wannan hali nata ne ya sa ake kwaɗayinta a matsayin makamashi.

Raba ruwa shi ne a tura wutar lantarki ta cikinsa ta hanyar sanduna biyu, sai haidurojin ta riƙa ɓulɓulowa a jikin sanda ɗaya, oksijin a jikin ɗayar. Na'urar da ke wannan aiki sunanta ilaktiroliza, amma a nan za a kira ta tukunyar raba ruwa.

Katalis kalmar aro ce mai tushe a Girkanci, kuma masanin sinadarai ɗan ƙasar Siwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835. Ma'anarta abin da ke hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi ya ƙare a cikin sauyin ba. Duk mai mota ya san guda ɗaya ko da bai san sunansa ba. Abin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, wanda makanikai ke ce wa indomi, katalis ne. An shafe ramukansa da ɗan filatinam da danginsa, hayaƙi mai guba yana bi ta ciki yana fitowa da sauƙin illa, ƙarfen kuma yana nan shekara da shekaru. Tsadar wannan ɗan ƙarfen ce ta sa ɓarayi ke fafe shi daga motocin mutane.

Kuɗin kaya da la'ada

Ruwa, a haƙiƙa, tokar haidurojin ne. Haidurojin ce da ta riga ta ƙone, ta saki ƙarfinta. Wanda ke son ya dawo da ita sai ya mayar da ƙarfin da ta saki, ba ragi. A ma'aunin ƙarfin tura lantarki da ake kira bolt, wannan farashi shi ne bolt 1.23, kuma babu sinadarin da zai sauko da shi ko da ɗigo.

Batirin tocila yana da bolt 1.5, wato ya ɗara wannan farashi. Amma in aka jona masa wayoyi biyu aka tsoma a kofin ruwa, da ƙyar a ga ko kumfa ɗaya. Dalili shi ne bayan kuɗin kaya akwai wani ƙarin da sai an biya kafin cinikin ya faɗa. A kara, mai saniya yana da farashin da ba zai sallama ƙasa da shi ba, sai kuma la'adar dillalin da ya haɗa shi da mai saye. Katalis shi ne dillalin. Nagari yana ƙulla ciniki da sauri a kan la'ada kaɗan, maras kyau kuma sai an yi ta ƙara masa kafin ya motsa. Tukwanen masana'antu na yau suna aiki ne a kan bolt 1.8 zuwa 2, abin da ya hau kan ainihin farashin kuma yawancinsa zafi yake zama ya bi iska.

Ga yadda lissafin yake da yunit irin wanda ake saye a mita. Kilo ɗaya na haidurojin yana buƙatar ruwa kimanin lita 9, kuma yana ɗauke da ƙarfin yunit 33, kwatankwacin fetur kusan lita huɗu. Amma samar da shi yana cin yunit 50 zuwa 55. Duk gwagwarmayar masu binciken katalis a kan rage wani kaso na wannan giɓi take. Saboda haka injin da aka ce shi zai raba ruwa da wutar da ya samar, ya ƙona haidurojin ɗin, har ya bar rarar da za ta haska gida, yana iƙirarin karɓar fiye da abin da ya bayar ne. Wani Ba'amurke mai suna Stanley Meyer ya taɓa tallata mota irin wannan, kuma a 1996 wata kotu a jihar Ohayo ta yanke hukuncin cewa damfara ce, ta umarce shi ya mayar wa masu zuba jari kuɗinsu.

Daga ina aka taso

Fasahar raba ruwa da lantarki tsohuwa ce. A 1800 William Nicholson da Anthony Carlisle suka raba ruwa a Landan da batirin da Volta ya ƙirƙira a wannan shekarar. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ƙasar Norwe tana haɗa takin zamani da haidurojin da ta samu ta wannan hanya, da wutar madatsun ruwanta, Masar ma ta yi haka a Aswan tun daga 1960. Arhar iskar gas ce ta durƙusar da irin waɗannan masana'antu. A 2023 duniya ta yi amfani da haidurojin kimanin tan miliyan 97, kusan dukkanta daga iskar gas da kwal, a matatun mai da masana'antun taki. Kowane kilo da aka fitar daga gas yana tafe da iskar kabon kilo 9 zuwa 10. Wadda aka samar ta hanya mai tsabta ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Saukar farashin wutar sola da ta iska ita ta sa aka waiwayi tsohuwar hanyar.

Riƙo da saki

Me ke sa wani ƙarfe ya iya dillanci wani ya kasa? Amsar ta samo asali daga Bafaranshe Paul Sabatier, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912. Dole katalis ya kama ƙwayar zarra a jikinsa har ta haɗu da 'yar'uwarta, sannan ya sake su su tafi. In riƙonsa ya yi sako-sako, ƙwayoyin ba sa tsayawa balle su haɗu. In ya yi tsanani, sai su maƙale su toshe wurin. A ɓangaren haidurojin, filatinam ne ya faɗo daidai tsakiya, shi ya sa la'adarsa ba ta taka kara ta karya ba.

Ɓangaren oksijin ne mai wuya, kuma nan ne akasarin asarar take. Fitar da haidurojin mataki biyu ne, na oksijin huɗu, kuma a kowane mataki katalis yana riƙe da wani abu dabam. Masana a Danmak sun nuna ta hanyar lissafi cewa waɗannan riƙe-riƙen a ɗaure suke da juna: in aka gyara ƙarfe ya dace da mataki ɗaya, sai ya kauce wa wani. Wannan ne ya sa hatta katalis mafi kyau a wannan ɓangare yake karɓar ƙarin kimanin sulusin bolt. Abin lura ne cewa iskar da ba ita ake nema ba, wadda galibi sakinta ake yi ta tafi, ita ce ke cin kuɗin.

Inda gizo ke saƙar

Tukwanen da ke kasuwa iri biyu ne manya. Na farko shi ne mai tantani, wanda ya samo asali daga aikin kamfanin General Electric a shekarun 1960. A tsakiyarsa akwai wani siririn tantani mai kama da leda, wanda ke barin ƙwayar haidurojin ta ratsa, ya tare iskokin biyu kada su gauraya. Wannan tukunya ƙarama ce, tana fitar da iska mai yawa, kuma tana bin hawa da saukar wuta cikin daƙiƙoƙi, abin da ya sa ta dace da sola da gajimare kan rufe ba sallama. Matsalarta ita ce cikinta asid ne, irin kaifin ruwan batirin mota. A ɓangaren oksijin, inda asid ya haɗu da lantarki mai ƙarfi, kusan kowane ƙarfe narkewa yake yi. Wani ƙarfe mai suna rutiniyam yana da saurin aiki amma ba ya daɗewa. Wanda ya rage mai aiki da juriya tare shi ne iridiyam.

Iridiyam na cikin ƙarafa mafi ƙaranci a doron ƙasa. Abin da duniya ke haƙowa a shekara tan 7 zuwa 8 ne kacal, kuma da yake ƙarfe ne mai tsananin nauyi, in aka narka shi duka ba zai cika duro biyu ba. Fiye da kashi 80 cikin ɗari daga Afirka ta Kudu yake fitowa, daga duwatsun yankin Bushveld. Babu mahaƙar iridiyam ta musamman, a cikin haƙar filatinam ake tsintarsa, don haka ko farashinsa ya tashi ba a iya ƙara yawansa yadda ake so. An ga alamar hakan a farkon 2021, lokacin da farashin oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ya tashi daga ƙasa da dala 2,000 zuwa sama da dala 6,000 cikin 'yan watanni. Tukunya mai tantani tana cin miligiram ɗaya zuwa biyu a kowane murabba'in santimita. Kaɗan ne a ido, amma in aka auna da yawan tukwanen da Turai da Amurka da Sin suka tsara girkawa, duro biyun nan ba za su kai ko'ina ba.

Iri na biyu na tukwanen shi ne tukunyar soda, wadda ta fi tsufa. A cikinta ana narka wani sinadari dangin ruwan toka da sodar haɗa sabulu, kuma a irin wannan ruwa ƙarafa masu arha suna jurewa. Nikel ne ke aikin. Labarinsa yana da daɗin ji. Shekaru da dama ana yaba wa nikel a kan fitar da oksijin, har Dennis Corrigan ya nuna a 1987 cewa ɗan ɓurɓushin baƙin ƙarfe yana ninka kuzarinsa. A 2014 masana a Jami'ar Oregon, ƙarƙashin Shannon Boettcher, suka tace ruwan sodar tas har babu sauran baƙin ƙarfe a ciki, sai ga nikel ya zama malalaci. Ashe dattin da ke zuwa cikin sodar kasuwa, wanda ba wanda ya zuba da gangan, shi ke riƙe da aikin. Yau haɗin nikel da baƙin ƙarfe na cikin mafi ingancin katalis na oksijin da aka sani, kuma ba shi da tsada.

To me ya hana kowa ya koma tukunyar soda? Da yawa sun koma. Sin ta fi kowa ƙera ta, kuma da ita aka gina tashar Kuqa a yankin Shinjan a 2023, mai ƙarfin megawat 260. Babban aikin NEOM na Saudiyya, wanda aka tsara zai samar da tan 600 a kullum, shi ma ita ya zaɓa. Sai dai tana da girma da cin wuri, kuma ba ta son wuta mai yawan hawa da sauka. In wuta ta yi ƙasa sosai, haidurojin kan tsallaka ta gauraya da oksijin, haɗin da ke iya fashewa, dole a kashe na'ura. Yawan kashewa da kunnawa kuma yana cinye nikel ɗin a hankali.

Akwai wasu iri biyu da ke tasowa. Ɗaya yana neman haɗa tantani da ruwan soda don a samu ƙanƙantar na farko da arhar na biyu, amma tantaninsa bai kai ga daɗewar da ake so ba tukuna. Ɗayan yana raba tururi ne a zafin digiri 700 zuwa 850, inda zafin kansa ke rage la'ada, sai dai kayan jikinsa suna saurin gajiya.

Darasi daga ganye

Duk ganyen da ke kan bishiya yana raba ruwa tun daga fitowar rana, kuma oksijin da muke shaƙa daga nan take. Katalis ɗin da ganye ke amfani da shi dunƙule ne na ƙwayar manganis huɗu da kalsiyam ɗaya da oksijin biyar, wanda masana a Japan suka fito da cikakkiyar surarsa a 2011. Babu iridiyam a ciki. Wasu ƙwayoyin halitta ma suna sarrafa haidurojin da nikel da baƙin ƙarfe kawai. Wannan ya tabbatar da cewa ƙarafa masu arha suna iya aikin, kuma shi ya ƙarfafa gwiwar masu bincike. A 2007 aka nuna cewa gefunan wani haɗi na molibdinam da farar wuta suna fitar da haidurojin da kyau. A 2008 Daniel Nocera da Matthew Kanan na jami'ar MIT suka fito da katalis na kobal mai aiki a ruwan da ba asid ba soda, wanda in ya zube yakan sake taruwa da kansa.

Amma akwai rabin darasin da ba a cika faɗa ba. Ganye ba ya jure aikin nan, gyara yake yi ba ƙaƙƙautawa. A rana mai ƙarfi, sashen da ke riƙe da katalis ɗin yakan lalace a sauya shi da sabo cikin abin da bai fi awa guda ba. Injin masana'anta ba shi da wannan baiwa.

Wasu kuma sun nemi su tsallake lantarki gaba ɗaya, hasken rana ya raba ruwa kai tsaye. Masana biyu, Fujishima da Honda, ne suka buɗe wannan ƙofa a 1972. Kusan shekara hamsin bayan haka, a 2021, tawagar Kazunari Domen ta gwada faranti masu faɗin murabba'in mita 100 a fili a Japan. Sun yi aiki watanni lafiya, amma abin da suka mayar haidurojin daga ƙarfin rana bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali farantin sola na kasuwa yana kama kashi 20 ko fiye.

Me ya sa labari ya fi kaya yawa

Wanda ya ga kanun sabon katalis yana da tambaya biyu da ya kamata ya yi: a kan wuta nawa aka gwada shi, kuma awa nawa ya yi? A ɗakin bincike an saba gwaji a kan guntun da bai fi farce ba, da wuta 'yar kaɗan, na awanni goma ko ɗari. Tukunya mai tantani a masana'anta tana tura wutar da ta ninka wannan sau ɗari ko fiye ta kowane santimita, kuma mai sayenta yana sa ran ta yi awa 60,000 zuwa sama, wato shekara bakwai ba hutu. A irin wannan matsi kumfa tana ɓamɓare katalis daga jikin sanda, wani ya narke, wani ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Wannan bai sa binciken ya zama banza ba, domin daga irinsa aka gane sirrin nikel da baƙin ƙarfe. Sai dai tsakanin takardar bincike da masana'anta akwai tafiyar shekaru, kuma yawancin sinadaran a hanya suke tsayawa.

Saɓanin ra'ayi

Wasu masana na ganin dole a nemo abin da zai maye gurbin iridiyam kwata-kwata, domin bai dace makamashin duniya ya rataya a kan duwatsun ƙasa ɗaya ba. Wasu na cewa wannan nema ya daɗe bai kai ga gaci ba, gara a koyi tattali: a shimfiɗa iridiyam siriri a kan wani abu mai arha har a rage yawansa sau goma, a kuma riƙa tatso shi daga tsofaffin tukwane. A 'yan shekarun nan wannan ra'ayi na biyu ya fi kusa da abin da kamfanoni ke yi a zahiri.

Akwai kuma masu cewa an ɗora wa katalis nauyin da ba nasa ba. Mafi yawan kuɗin kilo ɗaya na haidurojin kuɗin wuta ne, katalis kuwa ɗan kaso ne na kuɗin na'ura. Amurka ta sa wa kanta buri a 2021 na sauko da kilo zuwa dala ɗaya cikin shekara goma, amma har yanzu wadda ake samu daga ruwa ta ninka ta gas tsada, kuma an soke ko an ɗage ayyuka da dama a 2024 da 2025 saboda rashin masu saye. Wannan magana tana da ƙarfi, ko da yake ta manta abu ɗaya: duk ɗigon bolt da katalis ya rage, kuɗin wutar ne ya rage, kullum, tsawon rayuwar na'ura.

Ra'ayi na ƙarshe ya shafi amfanin haidurojin ɗin ita kanta. In aka mayar da wuta haidurojin, aka matse ta, aka sake mayar da ita wuta, abin da ke dawowa bai kai rabi ba, batir kuwa yana dawo da mafi yawan abin da aka zuba masa. Shi ya sa motar haidurojin, irin Mirai da Toyota ta fitar a 2014, ta kasa kamo ƙafar motar batir. Inda hujjar haidurojin ta fi tsayawa shi ne wuraren da batir ba shi da abin yi: haɗa taki, tace mai, narka tama ba da kwal ba, da ƙila man manyan jiragen ruwa.

Abin da zai iya biyo baya

In aka samu katalis mai arha da juriya, wuraren da za su fara cin gajiya su ne masu wadatar rana da iska da fili, shi ya sa ake jin sunayen Namibiya da Maroko da Muritaniya da Masar a wannan harka. Afirka ta Kudu tana tsaka mai wuya: bunƙasar tukunya mai tantani kasuwa ce ga ma'adinanta a daidai lokacin da motocin batir, waɗanda ba su da salansa, ke barazana ga cinikin filatinam, amma nasarar masu neman madadin iridiyam asara ce gare ta. Batun ruwa ma ba ƙarami ba ne a ƙasa mai fari, domin tukwanen nan tataccen ruwa suke so. Gishiri yana lalata su, kuma yana sa iskar kulorin mai guba ta fito a maimakon oksijin.

Ga manomin ƙasar Hausa, alaƙarsa da wannan magana tana cikin buhun yuriya. Takin nan daga amoniya ake yin sa, amoniya kuma haidurojin ce da aka haɗa da naitirojin na iska. Masana'antar Dangote da ke Lekki, wadda aka buɗe a 2022, da ta Indorama da ke Eleme, duk daga iskar gas suke samun tasu haidurojin, kuma Nijeriya na da gas mai yawa. A farashin 2024 na wutar layi ta rukunin A a Nijeriya, sama da naira 200 kowane yunit, kilo ɗaya daga ruwa zai ci fiye da naira 10,000 a kuɗin wuta kaɗai, kafin a yi maganar na'ura. Wannan lissafi zai sauya ne kawai inda aka girka sola mai yawa wadda wutarta ta fi ta layi arha nesa ba kusa ba, ko kuma in ƙasashen Turai masu sayen taki suka matsa da harajin kabon da suka fara ɗora wa kayan da ake shigar musu, wanda taki da haidurojin suna cikin jerin farko.